Tsuntsun da ya hana ni barci a Saskatoon: wane ne shi, me kuma ya kawo shi nan?

Maman Hanif, 19 ga Yuni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ba ta takardun zama ba ce, ba kuma ta inda ake samun daddawa ba, don haka a yi mini haƙuri. Tsuntsu ne ya hana ni sakat.

Shekarata ta uku ke nan a Saskatoon, a lardin Saskatchewan na Kanada. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, in shiga ƙarfe 11 in fito ƙarfe 7 na safe. Kafin in sallami yara makaranta in watsa ruwa in kwanta, tara ta gota. Da hunturu ba ni da matsala, gari tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Amma tun wajen ƙarshen Mayu wani bawan Allah ya sauka a kan bishiyoyin layinmu, bai kuma rufe baki ba har yau.

Sauran tsuntsayen nan na san halinsu. Da asuba za su cika gari, hantsi na yi kowa ya kama gabansa. Shi wannan da azahar yana yi, da la'asar yana yi, ranar da ake zafin da ko kare ba ya fita yana yi. Ga shi yanzu rana tana fitowa kafin biyar ta cika, ba ta faɗuwa sai tara da rabi na dare, sai ku lissafa tsawon yinin. Kukan ma ba wani mai tsawo ba ne. Zai furta 'yar gajeriyar magana muryar ta hau sama kamar mai tambaya, ya ɗan tsaya, ya furta wata muryar ta sauko kamar ya ba kansa amsa. Hanif ya ce wai cewa yake: “Kina nan? Ina nan. Kin ci? Na ci.” Tun da yaron ya faɗi haka na kasa jin wani abu daban, ko na tura auduga a kunne.

Na yi mako biyu ina leƙen sama ban gan shi ba, yana can cikin ganye. Sai shekaranjiya ina shanya a bayan gida ya sauko ƙasa-ƙasa yana bin reshe a hankali, yana leƙa ƙarƙashin kowane ganye. Bai kai kabare girma ba. Bayansa launin miyar kuka, cikinsa fari, kansa ruwan toka kamar ya ɗora hula. Yana da farar gira, da baƙin layi a samanta da wani da ya ratsa ta ido kamar an zizara masa kwalli. Da ya juyo rana ta haske shi sai na ga idon jawur.

To ga inda zancen ya zama na gida. Akwai wata bishiya a bayan gidanmu da maƙwabciyata ta ce sunanta Manitoba maple. Wani reshenta yana gogar rufin gareji in ana iska. Baban su Hanif ya aro zarto wajen maƙwabci jiya, ya kafa tsani zai sare shi, sai na ji yana ƙwala mini kira. Ashe akwai sheƙa a kusa da ƙarshen reshen, bai fi mita uku daga ƙasa ba. Ba ɗora ta aka yi a kan reshe ba, rataye take a tsakanin wata 'yar gwafa, an ɗaure bakinta a jikin rassan biyu, gindin yana lilo a iska. Girman bai wuce ludayin shan fura ba. A ciki akwai ƙwai huɗu. Uku farare ne da 'yan ɗige-ɗige kaɗan ta wajen kai mai kauri. Na huɗun ya ɗan fi su girma, kuma duk jikinsa ɗigo ne ruwan ƙasa kamar an barbaɗa masa yaji.

Abin da nake son sani, da farko dai wane tsuntsu ne. Na biyu shi ne wanda ya fi ɗaure mini kai. Duk wanda ya taɓa tuƙi daga nan zuwa Regina ya san ƙasar nan: awa biyu da rabi kana tafe, alkama da kanola iyakar ganinka, shimfiɗe kamar faifai. Wannan kuwa ko sau ɗaya ban ga ya taka ƙasa ba, tsuntsun ganye ne. Me ya kawo shi ƙasar da bishiya ta zama abin marmari? Sannan baƙon ƙwan nan na waye, in cire shi ne ko in bari? Maigida kuma yana jira a ce masa ya sare ko kada ya sare, zarton mutane yana jingine a bayan ƙofa.

Ɗan Zazzau, Winnipeg, 19 ga Yuni

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, da kin ga jan idon nan ai magana ta ƙare. Sunansa Red-eyed Vireo, a littattafan kimiyya Vireo olivaceus. Mutanen nan na dā sun yi masa laƙabi da mai wa'azi, saboda abin da Hanif ya ji: ya yi tambaya ya amsa, ya yi tambaya ya amsa, ko akwai mai sauraro ko babu. Namijin ne ke yi.

Ba ke kika fara shan wahalarsa ba. Wata mata 'yar asalin Suwidin mai suna Louise de Kiriline Lawrence, wadda ita ma aikin jinya ta yi kafin ta koma nazarin tsuntsaye a Ontario, ta ware yini guda a 1952 ta bi wani namiji ɗaya tun kafin ketowar alfijir tana ƙirgawa. Cikin awa 14 ya rera sau 22,197. Ki ce wa maigida ya sayo miki abin toshe kunne mai kyau, don sai Agusta zai fara sassautawa.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi mini daɗi, don karatun gandun daji na yi kuma ita ce tambayar da ta dace. Gaskiyarki, ba tsuntsun filin ciyawa ba ne. Gidansa na asali dajin itatuwa masu faɗin ganye, irin waɗanda ke kaɗe ganyensu da kaka. Yana hayayyafa tun daga gabashin Amurka har bakin Tekun Meksiko, ya ratsa kudancin Kanada daga gaɓar Atlantika, ya miƙe yamma har British Columbia. A gabas inda daji ya haɗe, ko'ina kika tsaya za ki ji shi. Da an iso ɓangarenmu sai abin ya canza kama.

Ki ɗauki lardunan nan uku, Manitoba da Saskatchewan da Alberta, kamar hawa uku. Can arewa ƙungurmin daji ne, irin na wajen Prince Albert, ya cakuɗe da itatuwa masu ganyen allura da masu faɗin ganye. Can kudu ciyawa zalla. A tsakani akwai wata ɗamara inda daji da fili suke kokawa, kurmi nan fili can, kuma itacen da ya mamaye wurin shi ne aspen, mai farin jiki, wanda ganyensa ke karkarwa ko iska kaɗan ce. Saskatoon tana bakin ɗamarar nan ta kudu. A dajin arewa da cikin ɗamarar mai wa'azi yana da yawa ƙwarai. Da kin gangara kudu sai ya zama sai an nema, kuma a wuri uku ake samunsa. Akwai kwarin koguna, inda danshi ya bar itatuwa suka tsaya, kamar kwarin Qu'Appelle da gaɓar kogin da ya ratsa garinku. Akwai tuddai masu daji da suka tsaya kamar tsibiri a tsakiyar gonaki, irin su Moose Mountain da Turtle Mountain da Riding Mountain na nan wajenmu. Sai kuma inda ɗan Adam ya dasa da hannunsa, wato garuruwa da tsofaffin gidajen gona.

Na ukun nan shi ne naki. Ki nemi tsofaffin hotunan Saskatoon na farkon ƙarni na 20, za ki ga gidaje tsirara babu inuwa sai a bakin kogi. Gwamnatin tarayya ta buɗe gandun rainon itatuwa a Indian Head a 1901, ta riƙa rabawa manoma dashe su kewaye gidaje da gonaki saboda iska, har aka rufe shirin a 2013 bayan an raba sama da miliyan 600. Wurin da kuke kai yara kallon dabbobi a garinku, Forestry Farm, shi ma asalinsa gandun raino ne, daga 1913 zuwa 1966, kuma dashe miliyan 147 ya fita daga can. Birane su ma suka jera nasu a bakin titi. Yau a tsofaffin unguwanni rassan sun haɗe a saman kwalta. Tsuntsun da ke tafe cikin dare ya duba ƙasa da asuba, abin da zai gani daji ne. Bai damu da cewa akwai motoci a ƙarƙashi ba, muddin akwai rumfar ganye a sama inda zai yi kiwon tsutsa, da ƙananan itatuwa a ƙasa inda matar za ta rataya sheƙa. Shingen gona mai layi ɗaya siriri bai cika riƙe shi ba, ya fi son inda itatuwa suka yi kauri.

Kuma baƙo ne kamar mu. Wata uku da ɗan kai kawai yake yi a nan. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba zai kama hanya, da dare yake tafiya, sai Kudancin Amurka, yankin kogin Amazon. Daga inda kike ya haura kilomita 6,000, ga shi nauyinsa bai wuce dunƙulen magi huɗu ko biyar ba. A nan tsutsa da ƙwari ne abincinsa, a can kuma ya fi karkata ga 'ya'yan itace.

Batun ƙwan zan dawo in na tashi daga aiki. Kafin nan kada a taɓa komai.

Anti Regina, 19 ga Yuni

Maman Hanif kin ba ni dariya. Ni da na zo garin nan aka ce mini duk bishiyar da na gani a Regina wani ne ya dasa ta da hannu, na ɗauka zolayar baƙo ce. Ashe gaske ne, wurin fili ne fetal da ɗan rafi.

Abu biyu zan ce. Ki tabbatar bishiyar taku ba elm ba ce, don a lardin nan an hana datse elm daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Agusta saboda cutar da wani ƙwaro ke yaɗawa, ƙamshin sabon sara ne ke janyo shi. Kada Alhaji ya je gyaran gareji ya jawo tara. Na biyu, in wannan malamin na Winnipeg ya zuga ki kika fara shiga kurmi neman tsuntsu, ki cusa ƙafar wando cikin safa. Watan kaska ne. Bara na cire wa autata guda biyu a bayan kunne bayan mun dawo daga Pike Lake.

Baba na Tawa, 20 ga Yuni

Ɗiyata, ni ban taɓa zuwa Kanada ba, ɗana ne ke can ya sa ni cikin wannan zaure. Amma abin da ɗan Zazzau ya faɗi na gan shi da idona a nan Nijar. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi-layi don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Muna samari wurin in iska ta taso ba ka ganin na gabanka. Da itatuwan suka girma, ba gero kaɗai ya ji daɗi ba. Wurin da dā sai kukan iska, ka wayi gari da hayaniyar tsuntsaye. Babu wanda ya aika musu goron gayyata.

Batun baƙon ƙwai kuma, mu ma muna da irinsa. Kin san baiwar Allah, ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa har tsakar gida yana tsintar tsaki, yana sheƙa cikin jinkar ɗaki? Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki, da ba ya gina gida. Macen sai ta faki ido ta zuba ƙwanta cikin sheƙar baiwar Allah, ita kuwa ta ƙyanƙyashe ta ciyar da shi tare da ɗiyanta. Abin mamakin, in ya girma kukan baiwar Allah yake kwaikwayo. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To wannan kukan gidan riƙo yake yi. Ki tambayar mini malamin, na can ƙasar wanne yake yi?

Maman Hanif, 21 ga Yuni

Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara girma, na karanta wa Baban su Hanif saƙonka ya ce shi ma a Funtuwa sun taso suna ganin baiwar Allah a ɗakin kakarsu, ana hana su jifanta. Anti, ba elm ba ce, na ɗauki hoton ganyen na nuna wa maƙwabciya ta sake tabbatarwa.

Yaya na Winnipeg, tsani dai na hana a sake kafawa. Amma na gano cewa in na tsaya a tagar ɗakin yara ta sama ina hango sheƙar ta gefe, sai na ari madubin hangen nesa na wata tsohuwa da muke aiki da 'yarta. Yau maimakon barci na yi kusan awa ɗaya a tsaye.

Aikin sheƙar nan ya ba ni kunya, ni da ko kwando ban iya saƙawa ba. Jikinta siraran ɓawon itace ne da busasshiyar ciyawa, an bi an ɗaure da yanar gizo-gizo, ita ce kuma ta naɗe bakin a jikin gwafar. Ta waje an manna wasu fararen abubuwa nan da can. Ɗaya na tabbata guntun gidan rina ne, irin mai kama da takarda ruwan toka. Wani kuma wallahi kamar guntun takardar goge hannu, ina zargin daga kwandon shararmu ya fito. Akwai wani babban ganye da ya rufa mata ta sama kamar laima, shi ya sa muna wucewa ta ƙarƙashi kullum ba mu taɓa lura ba.

Uwar tana kwance ta nutse ciki, baki ta nan bindi ta can, jan idon kawai ke motsi. Ba ta tashi sai jefi-jefi, ta yi 'yan mintoci ta dawo. Maigidan nata kuwa yana can ƙololuwa yana ta “kin ci, na ci”, ban ga ya zo ya karɓe ta ko sau ɗaya ba. Ba zan ce komai ba.

Har yanzu ƙwan nan yana raina. Tun da Baba ya yi bayani nake jin kamar in hau in ɗauke shi da cokali.

Ɗan Zazzau, Winnipeg, 21 ga Yuni

Ƙanwata, ajiye cokalin.

Abin da kika gani daidai ne. Macen ce ke gina sheƙar ita kaɗai, cikin kwana huɗu ko biyar, ita ce kuma ke kwanci, wajen kwana 12 zuwa 14. Amma kada ki yanke wa namijin hukunci tukuna, in an ƙyanƙyashe za ki ga yana jigilar tsutsa shi ma. 'Ya'yan suna yin kwana 10 zuwa 12 a ciki su fita, iyayen su ci gaba da ciyar da su a cikin ganye na wasu makonni. Ba sa komawa tsohuwar sheƙa baɗi, sabuwa suke yi.

Mai baƙon ƙwan sunansa Brown-headed Cowbird, mu ce tsuntsun shanu. Namijin baƙi ne mai sheƙi da kai ruwan ƙasa, macen ruwan toka-toka ba ta da wani ado. Shi ne ɗan asalin filin ciyawar. Dā garken ɓaunar ƙasar nan yake bi yana cin ƙwarin da suke tayarwa, kamar yadda balbela ke bin shanun Fulani. Da aka kusa ƙarar da ɓaunar a wajejen 1880, sai ya koma bin shanu da dawaki. Ba ya gina sheƙa sam. Macen takan laɓe ta ga inda wata ke kai ciyawa, ta zo kafin fitowar rana ta saka ƙwai cikin 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa ma ta ɗauke ɗaya daga na masu gida. A lokacin hayayyafa ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 30 a gidaje daban-daban, kuma an samu ƙwanta a sheƙar tsuntsaye fiye da iri 220. Mai wa'azi yana cikin waɗanda ta fi yi wa haka.

Ga yadda wannan ya haɗu da tambayarki ta farko. A tsakiyar babban daji, nesa da fili, tsuntsun shanu bai cika kutsawa ba, don a fili yake kiwo. Amma a nan ina tsakiyar dajin? Kurmin aspen na cikin gona, da siririn dajin bakin kogi, da layinku, duk baki ne, ko ta ina fili na kusa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Itatuwan da suka ba mai wa'azi masauki a ƙasar ciyawa su ne suka kai shi har ƙofar gidan mai yi masa wannan aika-aika.

Ƙwan tsuntsun shanu yakan riga na masu gida fashewa da kwana ɗaya ko biyu, ɗan ya fi girma, ya fi wage baki, sai ya riƙa tare abinci. Wani lokaci 'ya'yan gida su tsira tare da shi, wani lokaci a rasa wasu. Duk da haka ban ba ki shawarar cirewa ba. A Kanada dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1994, wadda tushenta yarjejeniyar 1916 ce da Amurka, ta hana taɓa ko lalata sheƙar irin wannan tsuntsu muddin akwai ƙwai mai rai ko ɗa a ciki. Wannan ya amsa tambayar maigida ma, reshe sai sun tashi. Bayan doka, hawa da sauka na iya sa uwar ta yi ƙaura ta bar duka, ko ki nuna wa hankaka da kurege hanya. Akwai kuma wani bincike da aka buga a 2007, an yi shi a kudancin jihar Illinois a kan wani ɗan tsuntsu daban. Sheƙun da aka cire musu baƙon ƙwai, kashi 56 cikin ɗari an dawo an farfasa su, waɗanda aka bari kuwa kashi 6 ne kawai. Masu binciken sun ɗora alhakin a kan uwar ƙwan, wai tana zagayowa duba ajiyarta.

Baba, ranka ya daɗe, na nan kukan gidansu yake yi. Duk wanda ya raine shi, da ya yi ƙarfi sai ya sulale ya nemi 'yan uwansa a fili ya shiga garkensu. Karin maganar ta ci a Kanada, ta faɗi a Tawa.

Injiniya Edmonton, 22 ga Yuni

Malam, ƙarin bayani kaɗan. Ana yawan cewa wai yawon bin ɓauna ne ya hana tsuntsun shanu zama ya gina sheƙa, na ji daɗi da ba ka faɗi haka ba. Danginsa na Kudancin Amurka su ma haka suke yi, alhali babu ɓauna a can.

Sannan ga masu dogara da manhajar Merlin a waya, mai gane tsuntsu ta kukansa: akwai ɗan uwansa Philadelphia Vireo da ke cikin aspen a nan arewa, kukansu kusan ɗaya ne, har manhajar takan ruɗe. Shi idonsa baƙi ne, ƙirjinsa da ɗan rawaya. Hajiya ta ga jan ido, don haka nata ba shakka. Amma 'ya'yan da za su fito idonsu ruwan ƙasa zai kasance, sai sun kusa shekara yake rinewa, kada ta ce an sake yi mata musanya.

Maman Hanif, 14 ga Yuli

'Yan uwa ga labarin da na yi alkawari, ko da yake ban yi alkawarin ba Anti ta bi ni har waya.

Baƙon ne ya fara fitowa, ranar 28 ga Yuni. Kwana biyu bayan haka na hango ƙananan kawuna biyu a gefensa. Ƙwai na ukun ban san abin da ya same shi ba, ko bai fashe ba ko an fitar da shi. Cikin mako guda baƙon ya ninka su, in iyayen suka sauka bakinsa ne a sama, ja kamar tsakiyar kankana, na 'yan gidan kuwa rawaya-rawaya daga ƙasa. Na yi ta jin haushi ina daga taga ina cewa ki ba na hagun mana. Hanif ya ce Mama ba ta jin Hausa.

Dole in janye maganar da ban faɗa ba a kan namijin. Ya yi aiki. Koren tsutsotsin nan da ke saukowa da zare daga bishiyoyi suna maƙale wa mutum a mayafi, waɗanda saboda su ake naɗa wa itatuwan unguwa ɗamara mai danƙo, su ya yi ta kawowa. Abin dariyar, da tsutsa a bakinsa ma wani lokaci sai ya tsaya a reshen kusa ya yi “kina nan” ɗaya kafin ya ƙarasa.

Ranar da aka yi iska da ƙanƙara a makon jiya ina wurin aiki, hankalina duk yana kan reshen. Da na dawo ko takalmi ban cire ba na haura sama. Ganye ya zube ko'ina, kwandon shara ya kife, amma abar nan tana rataye inda take, uwar a kai ta baza fiffike jiƙe sharkaf. Yanar gizo-gizo fa.

Baƙon ya fita ranar 8 ga wata. Washegari ɗaya daga 'yan gidan ya bi, ɗayan kuma sai da ya ƙara kwana. Na ƙarshen ƙarami ne ƙwarai, na gan shi sau ɗaya a kan shingen katako bindinsa guntu, tun daga nan ban sake ganinsa ba, kuma akwai kyanwar wasu da ke yawo a layin. Ɗayan ina jin kukansa a bishiyar maƙwabta. Baƙon kuwa ba ya ɓuya, jiya na gan shi a kan wayar shanya, ya fi mai ciyar da shi girma nesa ba kusa ba, yana karkaɗa fiffike ita kuma tana miƙa wuya tana saka masa a baki.

Na ce wa Baban su Hanif hanya ta buɗe, ya sare reshensa. Ya fita ya tsaya a ƙarƙashi ya daɗe yana kallo, ya dawo ya ce wai gogar ba ta kai a ce an sare ba, zai sa ɗan roba a gefen rufin. Zarton maƙwabci yau kwanansa 26 a bayan ƙofarmu, na ce in ya mayar ya haɗa da kwanon dambun nama. Mai wa'azi kuma yanzu haka ƙarfe ɗaya da kwata na rana yana kai, ni kuma ina da aiki ƙarfe 11.